Ciyawar da Na Je Nema a Makka

Salam 'yan ajinmu. To ga ni, na zauna. Tunda na dawo daga Umara kun hana ni sakat, musamman ke Hafsa da kullum sai kin kira kin ce, "Wai da gaske ciyawa kika je nema a Makka?" Eh, da gaske ne. Ibadata na yi ta, Allah ya karɓa, amma da maganar ciyawar nan a raina na hau jirgi. Abin da ya hana ni ba ku labari da wuri, ni kaina ban san inda zai tsaya ba sai satin nan. Ku yi haƙuri da tsawonsa, a waya nake bugawa.

Bari na fara da dalili, don wasunku tun da muka gama digiri ba su san me nake ciki ba. Kun dai san Mama gurasa take yi. Duk sanda fulawar kamfani ta yi tsada sai ta koma garin alkamar gida. Tana da ƙamshi, tana da daɗi, amma ƙullinta ba danƙo. Ka ja shi ya tsinke. Ka manna a jikin tanderu, kafin ya gasu ya zame ya faɗa wuta. Na tashi ina ganin Mama tana tsamo ƙonanniyar gurasa tana tsaki. Shi ya sa da na koma mastas a sashen kimiyyar tsirrai na ce ni a kan wannan zan yi aiki.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Alkamar da ake nomawa yanzu kamar gidan da aka daɗe ana auren zumunci ne, kamarsu ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, ciwonsu ma ɗaya. Amma tana da dangi a daji, ciyayi ne da ba wanda ya taɓa shuka su balle ya ba su ruwa, kuma kowacce da nata halin. Wata tana jure zafi. Wata a ƙwayarta akwai irin sinadarin da ke sa ƙulli ya yi danƙo, wanda tamu ba ta da shi. In ka samu irin wannan sai ka haɗa ta aure da ta gida, ka yi ta zaɓe a cikin 'ya'ya da jikoki har a dace. Matsalar, ba sa fitowa a ƙasarmu, kuma sashenmu ko ƙwaya ɗaya ba shi da ita. Malamata Dakta Hauwa ta rubuta wa masu ajiyar iri a waje, shiru kake ji. Rannan ta cire tabarau ta ce min, "Nusaiba, in lokacin shukar alkama ya zo ba iri a hannunki, masara za ki koma kamar kowa. Ba zan bari ki tsufa a nan ba."

Ana cikin haka Yayana ya biya min Umarar azumi. Da na faɗa wa Dakta sai ta ce ai ana samun dangin alkamar a ƙasar, na buɗe ido. Ita ta nemo min izinin shigo da irin bincike, ta haɗo ni da ƙananan ambulan da wasu 'yan ƙunshi farare masu tsotse laima don kar iri ya ruɓe.

Tashinmu daga Kano ba sai na faɗa ba, kun san hali. An ce da safe, sai bayan la'asar. A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar kasuwar Kwari da ta ce zuwanta ya fi ƙarfin lissafi. Ta tambaye ni me zan saro, atamfa ko gwal. Na ce ciyawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya 'yar nan," ta juya ta kama carbinta.

A Jidda 'yan ƙunshin nan suka so ja min. Jakata ta wuce na'ura, wata jami'a ta ɗaga hannu, aka ware ni gefe. Ta zazzage kayan, ga ambulan fanko rututu, ga farin abu a ƙulle, ga fasfo ɗin Najeriya. Larabcin Islamiyyar da nake taƙama da shi ya gudu, ba abin da ya rage a bakina sai "la, la". Allah ya taimake ni na tuna waya, na buɗe mata hotunana a gona cikin alkama da malfa a kai. Ta duba, ta farke ƙunshi ɗaya ta shinshina, ta kira wata suka yi ta dariya, sannan ta tattara min kayana da kanta. Hajiyar Kwari tana can nesa tana kallo, na san ta gama yanke min hukunci.

Ba a otal na sauka ba. Muna da 'yan uwa a can. Ƙanin kakana ya tafi aikin Hajji a ƙasa tun zamanin da, bai dawo ba, to 'yarsa ce Gwaggo Maimuna, a Makka aka haife ta, a unguwar Shisha take. Ɗanta Fawaz shi ya zo ɗaukata, tasi yake ja. Taubashina ne, kuma tun a mota ya fara. Hausarsa a karye take, mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa.

"Kai ne mai ciyawa? Ahlan. Ummi ya ce a kawo ka da sauri, akuya ya zo daga Kano."

Na ce, "Akuyar ta fi ka Hausa dai."

Ya ce, "Wallah sahih," ya ƙara wa mota wuta.

Ita kuwa Gwaggo Hausarta tsaf, irin ta tsofaffin cikin gari, kalmomin da rabona da su tun rasuwar kakata, sai dai kowace jimla da jelar Larabci. Ta rungume ni tana kuka tana tambayar mutanen da suka rasu tun ban zo duniya ba. Da na fito mata da garin kuka da daddawa sai ta share hawaye, ta kai su ɗaki ta kulle, wai maƙwabta in suka ji ƙamshi ba za su bar mata ba.

Azuminsu daban yake da namu. Mu da safe gari ya tashi, kowa ya kama harkarsa da ƙishirwarsa. Su kuwa kafin azahar ko kyanwa ba ka gani a titi, sai bayan la'asar gari yake farkawa. Buɗa-baki ba kunu ba ƙosai. Dabino, sambusa, wake da suke dakawa da mai, da wata miyar alkama da nama da suke ce wa shurba, kullum sai an yi ta. Sai burodinsu mai faɗi, tamis. Ranar da na gama Umarata na huta, na bi Fawaz siyo shi. Jama'a, tanderu ne irin na Mama sak, sai dai ya fi girma. Mai gashin ya ɗauki ƙulli ya wurga shi daga hannu zuwa hannu, ya buɗe kamar faranti, ya manna, ya zauna daram. Na sa Fawaz ya roƙar min ɗan ƙullin. Na ja shi, na ja, har ina hango hasken fitila ta cikinsa bai tsinke ba. Mutanen layi suna ta kallona. Ni kuwa na tsaya da abu a hannu ina jin wani irin haushi, don abin da nake so wa alkamarmu kenan.

Aka kwana biyu Gwaggo ta ce a kai ni ziyara na ga wuraren aikin Hajji. An yi ruwa sosai kafin azumi, duwatsun da kuke gani baƙaƙe a hoto duk sun yi kore. Muka bi ta Mina, tantuna ba kowa, muka isa Muzdalifa. Fili fetal, ba mahajjaci ko ɗaya, sai banɗakuna a jere da fitilu. Muka fito miƙe ƙafa. Can gefen wani magudanar ruwa na hango wata ciyawa gajera mai kai kamar na alkama, da gashi tsaye. Ban san sanda na ruga ba. Na durƙusa, na kai hannu.

Sai ji na yi tas a bayan hannuna. Gwaggo ce, da ciwon gwiwarta da komai, ban san yadda ta iso ba.

"Haram alaiki! Ke ba ki san inda kike ba?"

Na ce, "Gwaggo kai ɗaya kawai zan cira."

"Ko rabi. Nan cikin Harami ne ya binti. Ciyawar nan ba a yankanta, ba a tuge ta. Mu da aka haifa a nan ko ƙaya ba ma karyawa. Ke daga zuwa?"

Wallahi na san hukuncin, mun karanta a Islamiyya. Amma a kaina Harami shi ne masallaci da harabarsa. Ban taɓa kawowa ya miƙo har wannan filin da ba kowa ba. Na ce to bari na ɗauki hoto, ta ce hoto kam ɗauki ɗari. Na tura wa Dakta. Amsarta ta zo muna hanya: hoton bai isa ta gane ba, kan bai gama fitowa ba, sai an riƙe a hannu an ɓare. Na kifa wayar a cinya.

Ban haƙura ba fa. Na ce lallai akwai wata ƙofa. Gwaggo ta ce to mu je a tambayi mai ilimi, ta kai ni Aziziyya gidan wani Malam Shu'aibu, Basakkwace, yana karatun fiƙihu a can, matarsa ƙawar gidan ce. Na zayyana masa komai, har da tanderun Mama, don ya ji tausayi. Ya saurara har na gama.

"To Malama, mi za ki yi da haki in kin kai shi gida?"

Na sake bayani. Ya ce aikin alheri ne, Allah ya sa albarka. Sannan ya ce abin da mutane suka shuka da hannunsu a Harami ba laifi a cire, amma wanda ya fito da kansa a bar shi. Na ce in ya bushe fa? Ya ce wasu malamai sun sauƙaƙa a busasshe, wasu ba su sauƙaƙa ba. "Naki busasshe ne?" Na ce kore ne shar. Ya yi murmushi ya ce, "To kin ba kanki amsa. Ki fita iyaka mana. Haramin ai ba shi ne duk ƙasar ba."

A mota Gwaggo ta tsaya siyan sobiya, wani farin abin sha da suke ji da shi a azumi, ta bar mu ni da Fawaz. Ya juyo ya rage murya.

"Isma'i, saurara. Gobe da rana ni zan je, ba shurɗa mai kama mutum, ba kowa. Na cire, na sa a leda, na kawo maka. Kai ba ka taɓa ba. Zunubi a kaina, khalas."

Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da raina ya biya. Ga abu na gani da idona, ga mai kawowa, ga masara tana jirana a Kano. Amma sai na hango kaina ina shuka shi, ina haɗa shi da alkamarmu, shekaru suna tafiya, wata rana ya zama gari, Mama ta gasa, mutane su siya su ci da ƙuli. Duk daga abin da na aika aka sato a Harami da azumi a bakina. Na ce, "A'a. Ka kai ni inda ya halatta."

"Ina?"

"Inda ake noman alkama, kuma da sanyi."

Ya dafe kai ya ce, "Ɗa'if. Ya Allah. Akuya zai hau dutse."

Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, ba za ta bar ni na je na tuge wa mutane gona ba. Muka kama hanya da hantsi. Hanyar Ɗa'if hawa ce mai murɗe-murɗe, kunnena ya toshe, Gwaggo tana ta salati a baya. A wani lanƙwasa muka tarar da birai zaune a bakin titi kamar masu jiran mota. Na sauke gilashi zan ɗauki hoto, wani ƙato ya miƙo hannu ya fizge ledar da ke cinyata. Rabin ambulan ɗina a ciki. Ya hau dutse ya zauna yana yaga su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Fawaz ya yi dariya har da buga sitiyari, wai ga abokin bincikena.

Sama kuwa sanyi, kamar ba ƙasar da muka baro ba. Muka bar gari muka shiga ƙauyuka, gonaki ƙanana hawa-hawa a jikin dutse. Duk inda na ga alkama sai na ce a tsaya. Na sauka, na bi gefen gona a sunkuye, na dawo. Ciyayi iri-iri, amma ba ita. Tun Fawaz yana tsokana har ya gaji ya daina. Ga azumi, leɓena ya bushe, bayana kamar zai ɓalle. Gwaggo ta ce, "Ya binti, ya isa. Allah bai nufa ba." Na ce a ƙara gona ɗaya. Aka ƙara. Na ce a ƙara wata. Da la'asar ta yi ta ce ita dai a tsaya ta yi sallah, in na ga dama na haƙa dutsen.

Ta shimfiɗa darduma a gefen wata gonar alkama da ta fara ja, ni na zauna a mota na rasa me ke min daɗi. Da ta idar ta dawo tana mita, tana karkaɗe abaya.

"Wannan wace irin masifa ce, duk ta manne min a safa. Zo ki cire min, ba na iya sunkuyawa."

Na durƙusa ina cirewa ina zubarwa. Na cire na uku kenan na tsaya. Ɗan kai ne busasshe, gajere, mai tauri, gaɓa-gaɓa kamar an jera ƙananan ganguna, da gashi a sama. Ita alkamar gida tana riƙe 'ya'yanta sai an sussuka. Ta daji kuwa in ta nuna kan gaba ɗaya yake ɓallewa ya bi duk abin da ya taɓa shi. Na ɓare da farce, ga ƙwaya siririya a ciki.

Na ce, "Gwaggo kar ki motsa."

"Kunama ce?"

"A ina kika yi sallah?"

Ta nuna. Na je. Ga ta nan a bakin gonar, tsakanin duwatsun da aka jera, ta bushe, kawunan sun zube a ƙasa. Kafin na taɓa sai da na juyo na ce, "Nan fa?" Ta ce, "Nan kam kwashi, mun baro Harami tun ɗazu." Na ɗauki hoto, wannan karon da ƙwayar a tafin hannuna. Dakta da ba ta kiran ɗalibi, sai ga kiranta. Ba ko gaisuwa. Ta ce, "Daga tsirrai daban-daban za ki ɗiba, kar ki tsaya a guda. Ki bi gefen gonar duka. Kowanne da ambulan ɗinsa." Na ce biri ya cinye rabi. Ta ce, "Me?" Na ce sai na dawo.

Ina cikin tsinta sai ga mai gonar a wata tsohuwar a-kori-kura, yana ɗaga hannu yana faɗa. Ya ɗauka alkamarsa muke yanka. Gwaggo ta tare shi da Larabcin Makka zalla, ta wanke shi tas, har ya koma ba da haƙuri. Da Fawaz ya faɗa masa abin da nake ɗiba, ya zo ya leƙa hannuna, ya kalle ni, ya ce wani abu. Fawaz ya fassara: "Ya ce wannan shi ne maƙiyinsa, kowace shekara yana cirewa yana dawowa. Ya ce in kana so ka zo da babbar mota." Mutumin ya hana mu tafiya, wai ba a wuce gidansa da azumi rana tana faɗuwa. Muka sha ruwa a tsakar gidansa da wani burodi baƙi-baƙi na alkamarsa, da zuma da man shanu. Da za mu tafi ya ɗebo min alkamar a gwangwani, ya ce tun kakansa ita suke shukawa, ba su taɓa siyan iri ba. Na ƙulle sauran ciyawar a gefen mayafina saboda ambulan sun ƙare.

Kafin na taho sai da muka yi yini guda a ofishin da ke duba tsirrai kafin a fita da su, daga wannan taga zuwa waccan, Fawaz yana ta rantsuwa ba zai ƙara karɓar baƙo daga Kano ba. Amma shi ya kai ni Jidda, kuma shi ya fara share ido. Gwaggo ta ce in abin ya yi, gurasar farko tata ce, ko a jakar wani alhaji a aiko.

Na dawo gida 'yan sannu da zuwa sun cika falo, ana rabon dabino da zamzam. Wata maƙwabciyarmu ta ga ina lallaɓa ambulan, ta ce ko maganin Makka ne a sam mata ta jiƙa. Daga ranar a ƙarƙashin katifata suke kwana.

To samun iri daban, ya tsiro daban. Na daji yana da taurin kai, sai ya huta, sai ya ji sanyi, in ba haka ba ya yi kwanciyarsa. Dakta ta ce a jira. Da lokaci ya yi muka ɓare kaɗan muka jera a jiƙaƙƙiyar takarda a faranti, sauran muka adana. Firjin sashenmu wuta sai ta ga dama, don haka na kai farantin gidan wata mai sayar da ƙanƙara a layinmu da take da sola, na roƙe ta ta ba ni lungu ɗaya mara daskarewa. Kullum sai na je na leƙa. Ta fara ce min mai jinya. Bayan nan na fito da shi na ajiye a ɗakina inda ba rana. Kwana da kwanaki ba komai. Wasu ma suka yi funfuna na zubar.

Ranar Talatar nan da safe na buɗe, sai ga wani ɗan farin abu kamar zare ya leƙo daga ƙwaya ɗaya. Na duba da kyau, ga wata, ga wata. Ko wanka ban yi ba na zura hijabi na tari adaidaita, farantin a cinyata na rufe shi da hannu biyu, ina ce wa mai adaidaitan ya bi a hankali kamar mai ɗauke da jariri.

Dakta ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa. Ba ta ce madalla ba, kun san ta. Ta ce sai an kai ɗakin gwaji kafin a san wace ce a cikin dangin, kuma ko tana da abin da muke nema, kuma kar na sa rai da gurasa nan kusa. Na ce na sani. Sai ta ɗauki waya ta kira mai kula da gonar sashe, ta sa a sifika tana ci gaba da kallon farantin. Ta ce in lokacin alkama ya zo a ware wa Nusaiba wuri a kusa da ruwa, a kewaye shi da waya saboda awaki.

Ya ce, "To ranki ya daɗe. Me za a shuka?"

Ta ce, "Ciyawa. Kuma duk wanda ya nome min ita, ni da shi ne."